Iska a Bakin Inna

Da asuba muka tashi daga Tawa, ana sallame salla na rataya jakata na haye bayan kamiyon, babbar motar kaya da ke zuwa kasuwar Barmu. Ku abokan aikina da kuka yi ta cigiyata tun da aka rufe lakwal, makarantarmu, ga inda na shiga, kuma kada ku sa ran labari mai daɗi. Ƙauyenmu na nufa, arewa da Barmu, in ɗauko mahaifiyata in mayar da ita wurin likitan haƙori. Saƙon ƙanwata ne ya iske ni ta bakin wani mai sayen fatu, cewa bakin Inna ya ƙi warkewa, ta fi kwana goma ba ta tauna komai ba.

Laifina biyu ne a cikin wannan magana, bari in fara da ƙaramin. A bazarar nan wani nasara likitan haƙori ya sauka a Tawa da akwatunansa, aka ba shi ɗaki biyu, aka ce wata uku zai yi ya ƙara gaba. Inna kuwa ta yi shekaru dasashinta na ƙasa yana kumbura yana fitar da mugunya. Ta yi bagaruwa, ta yi kanwa, ta koma ga haƙuri. Ni na matsa aka kawo ta. Likita ya tsaga dasashin, ya zaƙulo guntun haƙorin da ya ruɓe a ciki, ya yanke mataccen nama, ya ɗinke. Ko motsi ba ta yi ba, matar da ta haifi tara ba wuƙa ce za ta razana ta ba. Ya ce ta zauna kwana goma yana dubawa. Ta kwana biyu, ta ga hadari ya fara leƙowa ta gabas, ta ce irin shukarta da awakinta ba su san wani likita ba, ta koma gida. Ban hana ta ba, ina fama da jarrabawar yara.

Kuɗin mota dala talatin. Bara dala ashirin ne, da na tambayi direba dalili sai ya ce shi ma ya samu mulkin kansa. Hanyar Barmu kuwa ba ta ji labarin mulkin kai ba, tana nan yadda nasara ya bar ta, daga tsakuwa sai fako sai rairayi. Mun cika bayan motar maƙil a kan buhunan sukari da ganyen shayi da gwangwanayen kananzir. Kusa da ni wani ɗan goro ne daga Sakkwato, ya rungume huhun goronsa yana yayyafa masa ruwa daga buta, shi kuwa leɓensa ya bushe bai kurɓa ba. Gaba da shi wata 'yar Maraɗi ce da tulin kwanoni, duk ramin da muka faɗa sai kwanonin su amsa. Buzaye biyu suna can ƙurya, idanu kawai ake gani.

Sau biyu muka kafe a ƙorama, taya ta nutse a rairayi har gindi. Kowa ya sauka turi. Ni da na sa takalmin fata da farin wando don a ga mushe, wato malamin lakwal, ya zo gida, sai na tsaya gefe ina ba da shawara, har 'yar Maraɗin ta tambaye ni ko a lakwal ba a koyar da turin mota ba ne. Na tuɓe takalmin na shiga.

Wanda bai san Adar a ƙarshen bazara ba zai ce ba mai rai a cikinta. Duwatsu baƙaƙe masu shimfiɗaɗɗen kai, aduwa da farar ƙaya a tsaitsaye, tumfafiya ce kaɗai ke da kore. Amma kowace gona muka wuce akwai mutum a tsaye da sungumi yana kallon gabas. Hantsi ya ɗaga muka shiga Barmu. Kasuwa ta cika, sai dai dabbobin abin tausayi, shanu haƙarƙari duk a waje. Na sha furar dala ɗaya a hannun wata Bafillatana, nonon ya fi kama da ruwan wanke ƙwarya, ta rantse mini haka saniyar ta bayar. Na sayi cuku, busasshen nonon nan na Buzaye, don a daka wa Inna a cikin fura. Daga nan na yi hayar jaki, la'asar sakaliya na isa gida.

Sai kun san yadda nake da Inna kafin ku gane abin da ya biyo baya. Ni ne ɗan farinta. Ba ta faɗin sunana, ba ta duban fuskata, in tana da magana da ni sai ta faɗa wa wanda ke kusa, ko da ina zaune a gabanta. Ina da shekara bakwai baffana ya ɗauke ni ya kawo ni Tawa aka sa ni lakwal, daga nan sai hutu ke kai ni gida, mako biyu ko uku, a shimfiɗa mini tabarma a yanka mini zabo kamar kowane baƙo. Abin da na sani game da mahaifiyata bai wuce abin da baƙo zai sani ba, ban kuma taɓa jin na rasa wani abu ba.

Na iske ta a inuwar rumbu, ta ɗaure haɓa da tsumma. Kumatun hagu ya kumbura har ya danne ido, wuyanta ya zama siriri, kuma tun daga nesa na ji warin raunin. A lokacin nan na shekara anza, 'ya'yan wani itacen daji, ita ce abincin ƙauyenmu, a jiƙa ta kwana da kwanaki a fitar da ɗacin sannan a ci, ita kuwa ko wannan ba ta iyawa. Kunu take sha da ƙaramin ludayi, ta karkata kai ta zuba ta gefe ɗaya, rabi ya shiga rabi ya dawo.

Ƙanwata, wadda ke aure nan cikin garin kuma ita ke jinyarta, ta ce, "Yaya, ka dai gani da idonka. Ko hura sai an tace mata."

Inna ta dubi ƙanwata, maganar tana fita da ƙyar. "Ce ma mushenku ya sha wahala. Amma tunda ya taho, mu tahi."

Washegari muka ɗora ta a kan takarkari zuwa Barmu, ni da ƙanwata a ƙasa. Muka kwana a gidan wani abokin mahaifinmu, da safe muka samu motar 'yan fatu. Direba ya ce tsohuwa ta shiga gaba, ta ce ita ba ta zama kafaɗa da kafaɗa da mijin wata. A baya ta zauna a kan ƙirgin shanu, duk ramin da aka faɗa sai in ga ta runtse ido, amma ba ta yi ƙara ba ko sau ɗaya. Azahar muka shiga Tawa ta bakin kasuwar dabbobi, raƙuma suna kuka, masu tsire suna hura wuta. Na ga ta juyar da kai daga ƙamshin naman.

Da sassafe muka je wurin likita. Layi ya kai bakin hanya, fatake daga Damagaram, matan ma'aikata da laima, Buzaye da suka kwana biyu a kan raƙumi, kowa ya tallafe kumatu. A bayan ɗakin injin wuta yana ta ruri. Wani ɗan kasuwa da ke gabanmu, shi ma an tsaga masa dasashi, ya buɗe mana baki ba tare da mun roƙa ba, ya nuna yadda wurin ya bushe ya yi ja mai kyau, ya ce aikin akwatin nasara ne, yau kwanansa shida yana zuwa.

Mai kula da ƙofa wani tsohon majo ne, wato babban ma'aikacin jinya, wanda ya fara aiki tun kafin a haife ni. Shi ke yi wa likita tafinta. Da aka zo kanmu ya ce mutum ɗaya ke shiga da mara lafiya, sai ƙanwata ta tsaya waje da ƙunshin kaya. Ya biyo mu zai shiga, na tare shi, na ce masa da Faransanci ya huta, ni malamin lakwal ne. Ya dube ni daga hula har takalmi, ya ce to, ya koma dafa allurai. Wannan ne laifina na biyu, babban.

Likita ya buɗe bakin Inna, ya ɓata fuska. Ya ce ɗinkin ya warware, ruɓar ta kusa kai wa ƙashi. Za a yi mata allura kwana uku, a riƙa wanke wurin da ruwan gishiri, sannan ta zo kullum har kwana bakwai a yi mata aikin akwati. Ya jawo akwatin. Ƙarfe ne, bai fi rediyo girma ba, da kwalba a jikinsa da siririn bututun roba. Ya murɗa, kwalbar ta kama haske shuɗi-shuɗi, abin ya soma huci, wani wari mai kaifi ya cika ɗakin. Na san na san warin nan, na rasa daga ina. Ya ce sunan abin ozon, iska ce da ake hurawa a kan rauni, tana kashe ƙananan abubuwan da ke ruɓar da nama, tana taimakon wurin ya haɗe. Da ya ga ina gyaɗa kai kamar wanda ya sani, sai ya ƙara da cewa irinta ce ke samuwa a sararin sama in an yi walƙiya da aradu.

Kaina ya kumbura. Ga ni tsakanin nasara da mahaifiyata, kowace kalma tasa na kama ta. Na juya na ce, "Inna, iska za shi sa miki ga baki. Ba a ganin ta, amma ita za ta shiga ga ciwon ta warkar da shi. Ya ce irin iskar da ka sauka tare da aradu ta."

A ranar ne Inna ta fara duban tsakiyar idona tun da na yi wayo. Ta dube ni, ta dubi kwalbar da ke haske, ta rufe bakinta gam. Ta ja mayafi ta rufe har hanci, ta sauka daga kujerar, ta fice. Likita ya buɗe hannuwa yana tambayata abin da ya faru. Kunya ta rufe ni, haushi ya biyo baya. Na ce masa ya yi haƙuri, tsofaffinmu na ƙauye tsoron inji suke yi, duhun kai ne. Da bakina na faɗi haka a kan matar da ya tsaga wa dasashi ba ta motsa ba, don kawai in fita kunyar nasara.

A gidana ta shige ɗaki ta juya wa ƙofa baya. Ƙanwata ta ja ni gindin bishiyar bedi ta ce, "Yaya, mi kac ce mata?" Na maimaita mata kalma da kalma, har da alfahari, don in nuna ban yi kuskure ba. Ta ɗora hannu biyu a ka. "Wayyo Allah. Kai ɗai na ba ka sani ba dut garinmu."

Sannan ta ba ni labarin da kowane yaro a ƙauyenmu ya sani. Shekarar da baffa ya ɗauke ni, Inna ta kwanta ciwo, ba ci ba magana. Aka yi na malamai bai yi ba, aka kai ta wurin 'yan bori, suka ce iska ce ke son ta, suka yi mata girka. Iskar aradu ce ke hawanta. Da hadari ya haɗu sai ta faɗi, a kewaye ta, a yi ta tambayarta abin da daminar za ta kawo. Shekara tara tana haka, in na zo hutu a ɓoye kayan a rumbu, don baffa ya ce kada ɗan lakwal ya ji. Sai aka yi daminar da ta binne 'ya'ya biyu a wata ɗaya, iskar da take yi wa yanka ba ta tsare mata ko ɗaya ba. Ta kwashe kayan ta ƙone, ta je gaban limamin garin ta dafa Alƙur'ani, ta rantse cewa har ta mutu babu iskar da za ta sake shiga jikinta da yardarta. Tun daga ranar ko kiɗan goge ta ji sai ta sauya hanya.

A Hausarmu abin da ke kaɗa ganye iska ne, abin da ke hawan mutum ma iska ne, kowa ya san haka, ni ma na sani. Amma ni a ɗakin nan kaina yana cikin littafi, ban ji kalmar da kunnen Inna ba. Ban tsaya nan ba, sai da na haɗa mata da aradu.

Da safe na durƙusa a ƙofar ɗakin na shiga bayani. Na ce ba irin waccan ba ce, wannan iskar shaƙa ce, inji ke yin ta, ba ta da suna ba ta da dangi, ba ta cin yanka. Ta bari na gama, sannan ta juya ga ƙanwata.

"Tambaye shi, ana ganin ta?"

Na ce ba a gani.

"Tana shiga ga jikin mutum?"

Na ce tana shiga.

"Cewa sunka yi magani ta?"

Na ce haka ne.

"Rana guda ta, ko sai an yi ta komowa?"

Na ce kwana bakwai.

"Ni ma kwana bakwai anka yi mani girka," in ji Inna. "Kuma abin da sunka ce mani ke nan, ba ragi ba ƙari. Ce mishi na san warinta tun shina lakwal."

Ni da ke tsayawa gaban yara arba'in in amsa kowace tambaya, ranar nan tsohuwa ta kayar da ni. Duk abin da na kawo don in raba iskokin nan biyu, sai in ga ya dace da ɗayar.

Na koma wurin majo na ba shi labari. Bai yi mini dariya ba, na fi so ma a ce ya yi. Ya ci gaba da jera allurai a faranti, ya ce, "Mushe, wa ka ce ma tsohuwar Adar iska? Mu nan turare mu ka ce musu. Turaren nasara. Ko 'yar bori ko matar liman, buɗe baki su ka yi." Turare! Wace tsohuwa ce ba ta taɓa duƙawa a kan kasko da zane a ka ba don ciwon haƙori ko mura? Da turare ma ake korar iska. In yaro ya rubuta mini wannan fassara a jarrabawa, jan alƙalami zan sa masa, amma ita ce ke buɗe bakin mutane a ɗakin nan tun farkon bazara.

Na roƙe shi ya biyo ni gida bayan aiki, ya kuwa zo. Ya gaishe ta da ladabi, ya ce mata turare ne kawai, yaro ne bai iya faɗi ba. Ta amsa masa da daɗin rai. "Baba majo, Allah shi saka maka. Amma wanga ya ji nasaranci ya kai ƙarshenshi. Abin da yac ce da hwarko shi ag gaskiya, na yanzu lallashi na." Karatun da nake taƙama da shi, shi ya zama shaidarta a kaina. Na kawo malamin unguwarmu, ya ce mata ba laifi a addini, rantsuwarta ba ta shafi inji ba. Ta ce malam ya san littafi, ita ta san warin, kuma ba a hannunsa ta rantse ba.

Allura dai ta karɓa har kwana uku ba musu, muddin a waje za a yi mata, nesa da akwatin. Kumburin ya ɗan sauka, idon ya buɗe, amma raunin yana nan a buɗe da fari-fari a gindinsa. Likita bai ɓoye mini ba, ya ce shi ma ba ya rantsuwa a kan akwatin, wasu yana yi musu wasu ba ya yi, amma ban da shi ba abin da ya rage a hannunsa sai a kai ta Yamai a kankare ƙashi. Yamai kuwa ko sunanta Inna ba ta bari an ƙarasa ba. Ni ma ban ce da ta yarda da ta warke ba. Na ga ɗan kasuwar da bakinsa ya bushe, na kuma ga wani Buzu da ya cika kwana bakwai ya tafi yana tallafe da kumatu yadda ya zo. Abin da ke cin raina shi ne ba a gwada ba, kuma bakina ne ya hana.

Rana ta biyar ta ce a mayar da ita gida. Ba motar Barmu, sai muka shiga ta Afala, dala ashirin da biyar, a kan buhunan gero na iri. An yi ruwa a daren da ya gabata, duk hanyar ta sauya kama. Maza a gaba suna sara da sungumi, mata a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige, ana ɗaga mana hannu ana yi mana barka da ruwa. Mutanen motar sai raha suke yi. A Afala na sayi ƙosai na kasa ci a gabanta, na ba wa direba. Muka yi hayar raƙumi ɗaya aka ɗora ta, muka yanki daji zuwa gabas.

Bayan azahar hadari ya taso baƙi ƙirin. Mai raƙumin ya karkata da mu zuwa wani zangon Buzaye, wata mata ta ɗaga mana gefen tantin fata muka shige. Ruwa bai riga ya sauka ba aka yi walƙiya, aradu ta faɗi kusa, har awaki suka watse. Sai warin nan ya shigo tantin. Shi ne, ba wani ba, warin ɗakin likita, wanda na rasa inda na san shi. Na juya na ga Inna ta dunƙule, jikinta yana rawa tun daga kafaɗa har ƙafa, ta danne bakin nan mai ciwo da hannu biyu tana salati ta cikin yatsu. Ƙanwata ta rungume ta ta baya, da gani ta saba. Kowace damina haka take yi, shekara da shekaru, ita kaɗai da rantsuwarta, ni ina Tawa ina koya wa 'ya'yan mutane yadda ruwan sama ke samuwa.

Da ruwa ya tsagaita, matar tantin ta kawo madara mai ɗumi. Inna ta karkata kai ta ɗan zuba, sannan ta ce wa ƙanwata, "Tambaye shi, ya ji?" Na ce na ji. Gab da magariba muka shiga gari.

Na kwana biyu. Na taya mijin ƙanwata shuka gonar Inna, hannuna ya yi bororo, na nuna wa ƙanwata yadda ake haɗa ruwan gishirin. Ranar da zan taho na durƙusa daga bakin ƙofa na yi sallama, ina jiran ta ba wa ƙanwata saƙo yadda ta saba. Sai na ji ta ce, "Kai." Ni take nufi, ba kowa a tsakani. "Kak ka sa ma ranka. Ba ka yi mani ƙarya ba, abin da ka ji shi kah hwaɗi. Bakin ga in ya warke, to. In bai warke ba, da shi za ni yin shahada, kuma so ni kai ranar nan ba kowa cikin jikin ga sai ni." Ta sa mini albarka, ta juya kai. Na yi shekara talatin ina jiran ranar da za ta yi mini magana kai tsaye, ga abin da na samu.

Na biyo jaki zuwa Barmu, na kama kamiyon kasuwa, muka kafe sau uku a laka, wannan karon ba wanda ya ce in tuɓe takalmi. Na iso Tawa na iske likita yana ɗaure akwatuna, wa'adinsa ya cika. Majo ya tambaye ni jikin tsohuwa, na ce da sauƙi, ya ce Allah ya ƙara, mu biyun mun san ba haka ba ne.

Kun ce kowace tafiya tana da abin da take koya wa mutum. Tafiyar nan tawa ta koya mini cewa na yi shekara goma sha biyu ina koyon jin maganar nasara har ba na kuskuren harafi, ban yi wuni ɗaya ina koyon yadda mahaifiyata ke ji ba. Tsohon da na kora daga ƙofa ya san ta fiye da ni, shi da bai taɓa ganin ta ba sai bana. Raina a ɓace yake, da baffa da ya ɓoye mini, da hanyar da ta hana Inna dawowa da wuri, da kaina fiye da kowa. Ku da ke raka tsofaffinku wurin likita, in akwai majo a ƙofa ku bar shi ya shiga.

Yau kwanana goma sha ɗaya da dawowa. Duk ranar da motar Barmu ke shigowa ina zuwa tasha in tsaya har a gama sauke kaya. Jiya ma na je. Direban ya gan ni tun daga nesa, ya girgiza kai, ya ce ba a ba shi saƙo ba. A yanzu abin da nake kira labari mai daɗi ke nan.